Inda Ake Kashe Inji

Ko zan manta komai na zamana a Diffa, ba zan taɓa mantawa da hutun babbar Sallar da na bi Ba Modu garinsu ba. Ba Modu maƙwabcina ne, dattijo mai sayar da tattasai a kasuwa, yana cikin waɗanda tashin hankali ya koro daga bakin tabki. Shi kaɗai yake zaune. Da na kai masa naman Sallah sai ya ce, "Mushe, jibi zan ƙetare in gaida iyali, hanya ta ɗan lafa." Ni kuma da shegen karambani na ce ai ƙafata ƙafarsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to.

Ni fa ɗan Damagaram ne, malamin lakkol, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, ruwan da na sani bai wuce na bokiti ba. Amma na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure: sabuwar shadda, turare, har da tabarau. Na sayi turmin atamfa don matarsa, da alawa don 'yarsa da na taɓa jin ya ambata (ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya sa mai iyali yake dafa wa kansa shinkafa ba, hankalina na kan hotunan da zan ɗauka).

Mota ta sauke mu wajen Bosso, inda kogin Komadugu ke shiga tabki. Ina ganin jirgin ruwan da za mu shiga, katako da inji a bayansa, sai na ja da baya. Ba Modu ya riƙe hannuna ya ce, "Shiga, Mushe, ba komai."

Mutanen jirgin yawanci tsofaffi ne 'yan garinsu, ba mai magana. Ni kuwa tsoro surutu yake sa ni. Na yi ta zuba, har na ce, "Ba Modu, Allah ya sa uwargida ta iya miyar kifi, don ban karya ba." Murmushi kawai ya yi.

Muna tsakiyar ruwa, ba gaɓa gaba ba gaɓa baya, sai matuƙin ya kashe inji. Tsit. Kowa ya ɗaga hannu yana addu'a, wata tsohuwa kusa da ni ta fara hawaye. Na ce a raina shi ke nan, inji ya mutu, bankwana da duniya ake yi. Na miƙe tsaye na kurma ihu, "Wayyo Allah, mun mutu! Ku mayar da ni, ban iya ruwa ba!" Jirgi ya yi tangal-tangal, tabarau ya faɗa ruwa, na rarumi tsohuwar nan na ƙanƙame ta, ni da gemuna.

Matuƙin ya fizgo rigata ya zaunar da ni. "Zauna, malam, inji lafiya lau. Nan ne jirgi ya kife ranar da muka gudu. Ba ma wucewa sai mun tsaya mun yi Fatiha."

Ba wanda ya yi dariya, wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ba Modu ya shafa addu'arsa, ya tsoma hannu a ruwa ya bar shi can. Sannan ya ce, "Ga iyalin nawa, Mushe. Falmata da yarinya, nan suke."

Na sa ƙafa na tura ledar atamfar ƙarƙashin benci, kuma na san ya gani. Da ƙyar na buɗe baki na ce ya yafe mini.

"Ba ka yi laifi ba," in ji shi. "Falmata ma haka take tsoron ruwa. Ranar ƙin shiga ta yi. Ni na riƙe hannunta na ce ta shiga, ba komai."

Mun isa garin, rabin gidajen ba rufi. Ba Modu ya share ƙofar gidansa, ya karɓi atamfar da kansa ya ba tsohuwar da na kusa karyawa. A hanyar dawowa da aka kashe inji, ni na fara ɗaga hannu.

Tun ranar, in mutum ya ce zai je gaida iyali ba na tambayar miya. In kuma na ga mutane sun yi shiru, shiru nake yi tare da su, ko da jirgin nitsewa yake da gaske.