Yadda Ake Mayar da Matsoraci Jarumi da Buroshi

Shekara talatin ke nan ina zana hotunan manyan birnin Firenze, ba a taɓa kama ni da laifin zana mutum ya yi kama da kansa ba. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka ci gasasshen zakara a teburin masu sarauta har haƙoranka su zube.

Mataki na 1: Kada ka zana abin da idonka ya gani

Madubi ne mai faɗin gaskiya, shi ya sa ba a gayyatarsa cin abinci. Ɗauki misalin ubangidana Messer Gismondo, jikan masu sayar da ulu, wanda sarauta ta faɗo wa da rana tsaka. Gajere, ga tumbi, ga sanƙo, wuya kuwa ba a raba da shi ba. Ya shigo ɗakin zanena yana haki, ya ce, "Maestro Taddeo, hoton da zan kai wa Sarki kyauta nake so. Ka yi ni yadda nake."

In babba ya faɗa maka haka, yadda yake a mafarkinsa yake nufi.

Mataki na 2: Ja wuya, ja yatsu

Shi ake yayi. Wuya irin na zalɓe, yatsu zara-zara, fuska fara sol a murtuke. Ban da murmushi, talaka ne ke washe baki. Tumbin kuwa ka tura shi inuwa, don haka aka yi baƙin fenti.

Mataki na 3: Sa masa sulke

Gismondo ko kaza ake yankawa sai ya juya baya. Sulken surukinsa muka aro, ya ƙi rufuwa ta baya, muka ɗaure da igiya. Ya tsaya yana zufa, ya ce, "Maestro, takobin nan da kaifi?"

"Riƙe kawai, ranka ya daɗe, ba ya cizo."

A bayansa cikin hoton na zana wani gari yana ci da wuta.

Mataki na 4: Yi hattara da matar gida

Madonna Fiammetta, matarsa, ta zo ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Wannan kyakkyawan ɗan gidan wa ne?"

"Mijinki ne, ranki ya daɗe."

"Mijina? Da wannan aka ba ni, ai da ban riƙa zuwa coci sau uku a rana ba."

A irin wannan wuri kada ka yi dariya. Yi tari.

Mataki na 5: Aiki in ya yi kyau da yawa, ka shirya

Sarki na ganin hoton ya buga cinya ya ce, "Ashe muna da zaki a gida, muke ta neman mayaƙa a waje?" Nan take ya naɗa Gismondo jagoran dakaru ɗari uku da za su je murƙushe wani gari mai tawaye.

Da sassafe sai ga shi ba ko hula, ya ci kwalata. "Ka kashe ni, Taddeo! Uban wa ya ce ka sa wuta?"

"Kai ka ce in ƙara hayaƙi, ranka ya daɗe."

"To wallahi in na tafi, sai an guntule maka yatsu kafin in hau doki."

Na dubi yatsuna. Da su nake ci.

Mataki na 6: Abin da fenti ya ɓata, fenti ke gyarawa

Cikin kwana uku na zana shi kwance a gado, fuska koriya shar, ido ya faɗa, limamin coci na tsaye a kansa. Madonna Fiammetta ta cusa albasa a hankici, ta kai hoton fada tana sharɓar hawaye. Aka ba wani jagorancin.

Sai dai tausayi ya kama Sarki fiye da yadda muka so. Ya sa aka sassaƙa wa jarumin nasa kabarin farin dutse a babban coci, da sunansa da komai, ranar mutuwa kaɗai aka bari. Yau shekara goma sha ɗaya. Duk Lahadi Gismondo na zaune yana fuskantar kabarinsa, Sarki ya waiwayo ya ce, "Har yanzu, Gismondo?" Shi kuma ya dafe ƙirji ya ce, "Saura ƙiris, ranka ya daɗe."

Gargaɗi

In ka bi shawarata aka tura ubangidanka yaƙi, ko aka jefa ka Kogin Arno da allon zanenka a wuya, babu ruwana. Ban san ka ba, ban koya maka ba. Duk wanda ya zo tambaya, ni farar ƙasa nake shafa wa bango.