Madabod Mai Fitilu da Bidiyon Kaka

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Falmata ba, ko da na so in manta, matan gidanmu ba za su bari ba.

Lokacin na haɗa kwamfuta da hannuna a ɗakina a Yerimaram, saura madabod, wato allon da duk kayan cikinta ke zama a kansa. Niyyata in ɗan ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu fiye da yadda kamfani ya tsara, ba da yawa ba. Abokina Bukar ya ce in sayi mai ƙarafunan shan zafi, tunda Potiskum muke. Ni kuwa na ga wani a hoto yana walƙiya da fitilu ja da kore, nan take hankalina ya tafi. Na tura wa direban tirelar shanu da ke dawowa daga Legas hoton, ya taho min da shi (kwalin har warin shanu yake, amma na rungume shi).

Kakarmu ta zo daga Gadaka, ƙafa ta hana ta zuwa wurin taro. Ni kuwa na ɗauki bidiyon bikin da wayata, sai na buga ƙirji na ce, "Kaka, ki kwantar da hankalinki, gobe za ki ga komai kamar kina wurin."

Washegari da azahar, ana tsakiyar zafin bazara, mata suka cika ɗakin. Aka zaunar da Kaka a gaba. Bidiyon da nake gyarawa a kwamfutar bai gama haɗuwa ba, sai gwaninku ya ƙara wa furosesa wuta don a ga aiki. Fitilu suna ta rawa, mata suna "Masha Allah!" Can sai fankar kwamfutar ta hau kuka, allon kallo ya yi baƙi ƙirin, wani ƙauri ya tashi.

Kaka ta ɗaga hanci ta ce, "Kai, me ka ɗora a wuta?"

Wayyo ni! Na fizge faifai a hannun gwaggota na shiga yi wa kwamfuta fifita, gumi na zuba. Matan suka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki.

Falmata ta ce, "Yaya, ka nuna mata na waya mana." Na ce a'a, wai ni sai gyararre, mai kiɗa da rubutu. Kaka ta ce ba komai, za ta jira. Da safe aka mayar da ita Gadaka.

Kafin sabon madabod ya iso, Allah ya yi mata rasuwa. Wallahi har yau abin yana cina. Dariyar matan ba ta dame ni kamar wannan "za ta jira" ba.

Yanzu in zan sayi madabod, ƙarfen shan zafi nake fara dubawa, fitila ko a kyauta ba na so. In tsoho kuma ya ce a nuna masa abu, ko hoton ya karkace, a take nake miƙa masa wayar.