Rasuwar Baƙin Soso, Mai Ɗumama 'Yan Tsaki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar da ta kasa zama wuri ɗaya, Uwar Kaji tana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Baƙin Soso, wanda ya cika jiya da hantsi a cikin bahon wanke-wanke.

Marigayin ya zo gidan ne a kwali, a hannun ƙanenta mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Asalinsa gawayi ne, amma an sarrafa shi har kusan duk jikinsa ya zama ƙofofi da iska. Faɗinsa kamar murfin tukunya, nauyinsa kuwa sai ka duba ka tabbatar yana hannunka. Aka maƙala masa wayar wuta biyu, aka haɗa shi da batir, kafin ƙanen ya gama bayani ɗumi ya cika akurki.

Ya rayu bai taɓa yi wa kowa hayaƙi ba. Bai nemi kananzir ba, bai babbake gashin ɗan tsako ko ɗaya ba, lantarkin ma ɗan kaɗan yake lasa. Iyakar maganarsa idan ya fara aiki ita ce "ƙis... ƙis," daga nan sai ya yi shiru abinsa. Uwar Kaji ta yarda da shi har ta kyautar da tsohuwar fitilarta, abin da yanzu take cizon yatsa a kai.

Bai yi doguwar jinya ba. Gwaggo ce ta zo kwana biyu, mace mai tsabtar da ko tsintsiya sai ta wanke. Ta leƙa akurki, ta ga baƙin abu rataye a kan 'yan tsaki, ta ce wannan ƙazanta ba a gidan 'yar ɗan'uwanta ba. Ta cire shi, ta tsoma a ruwan sabulu, tana cuɗawa tana jiran farinsa ya fito. Bawan Allah kuwa baƙi ne har ciki, haka ya yi ta marmashewa a ruwan. An tarar da ita da waya biyu a hannu, tana lalube a cikin kumfa.

Ya rasu ya bar batir ɗaya, da wayoyin nan, da 'yan tsaki cike da akurki, sababbin ƙyanƙyasa, a cure a lungu ga damina ta kankama. Ƙanen ya ce haɗa wani sai a hankali. Uwar Kaji ta jera kwalaben ruwan zafi, suna hucewa tana sakewa, har sanarwar nan a tsaye ta rubuta ta. Tsoro take ji ƙwarai, domin kukan da ke fitowa daga akurkin yana raguwa.

An tace ruwan bahon da ƙyalle, abin da aka samu bai cika cokali ba. Za a binne shi yau da la'asar a bayan ɗakin kaji. Ana roƙon masu rakiya su riƙe atishawa.

Zaman makoki a ɗakin kajin za a yi. Kowa ya zo da riga mai yalwa, domin za a ba shi 'yan tsaki ya sa a jikinsa. Wanda ya shigo zai ga Gwaggo zaune a ƙasa, zaninta cike da su, tun jiya ko ruwa ta ƙi tashi ta sha. A gaishe ta kawai, kada a tambaye ta yadda aka yi.