Rasuwar Ragar Jirgin Kawu Maje

Da zuciya mai nauyi, cike fal da baƙin ciki, ni Almu na Barking nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Raga, wadda ta cika ranar Lahadin ƙarshen watan Mayun 1993 a kan kogin Tems, tana da wata bakwai a duniya.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba: igiyoyi ce guda shida da na ɗaura da hannuna a jirgin ruwan Dakta Maje, aminin mahaifina, wanda nake kira Kawu. Jirgin irin mai tafiya da iska ne. Idan aka sauke babban ƙyallen da ke kama iskar, sai ya baje ko'ina, ya rufe mai tuƙi da kwanon abinci. Aikin Raga shi ne ta tare shi ta gefe biyu, ya sauko ninki-ninki ya kwanta a kan sandarsa, kamar shaddar da ta fito daga wurin mai bugu.

Ba 'yar gidan masu hali ba ce. Kawu ya yi wata da watanni yana juya kundin kamfanoni, yana auna ko ya sayi raga mai jaka da zif, ko mai siraran zaruruwa da ake huda ƙyalle a zura. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, na bar aiki uku a shekara ɗaya, na ce zan haɗa masa. Na kwance igiyar shanyar Innata Hadizatu, na samo zobban labule. Kawu ya yi alkawari: idan ta kai watan Yuli lafiya, da ni za a tsallaka Faransa a jirgin. Idan ba ta kai ba, ran Litinin ɗin da ta biyo zan fara ɗaure kwalaye a sitonsu Alhaji Jalo a Lewisham, kamar yadda Baba yake so tun bara.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta taɓa neman mai ko fenti ba. Maganarta kaɗan ce: "ƙiii" idan iska ta taso, "fat-fat-fat" idan tana buga sanda. Turawan da ke ɗaure jiragensu kusa da namu sun sha tsayawa suna kallonta, suna rufe baki. Na ɗauka girmamawa ce.

Jinyarta ba ta kai minti ɗaya ba. Ranar Kawu ya gayyato Alhaji Jalo shan iska, ya ce shi da kansa zai ɗaga ƙyalle, baƙo ya ga gwaninta. Ya kama hannun naɗin igiyar da ke ɗaga ƙyallen yana juyawa. Ina kallo bakin ƙyallen ya sarƙe a igiyarta ta biyu. A jirgi, abin da ake yi a nan tsawa ce, kalma ɗaya. To amma wa zai daka wa aminin ubansa tsawa a gaban baƙo?

Na matsa, na ɗan rusuna. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma."

Ya ce, "Amin, Almu." Ya ƙara juyi biyu.

Na ce, "Ba wai gyara nake maka ba, ka fi ni sani..."

Ya ce, "Ai na sani, ɗana." Ya ƙara uku.

Ina cikin "sai dai da za ka ɗan duba sama" Raga ta yi kalmarta ta ƙarshe: "Ɗas!" Ƙyallen ya zubo gaba ɗaya a kan Alhaji Jalo, da shi da hularsa da kofin shayinsa. Har yanzu ba a ga hular ba.

Da yake Kawu likita ne, nan take ya binciki gawar, ya gano sanadi: raunin asali. "Igiyar shanya ce, me ake tsammani?" Ba a ambaci hannun da ya juya ba, ni ma ban ambata ba.

Ta rasu ta bar zobban labule huɗu, da ƙyalle mai ɗinki goma sha biyu, da Innata da ke shanya a kan hita, da ni. Alhaji Jalo ya aiko da ta'aziyya mai taɓa zuciya: wai siton yana buɗewa bakwai na safe.

Za a sada ta da makwancinta ran Asabar bayan Azahar, a babbar bolar council da ke bakin ƙofar tashar jirage. Masu zuwa ta jirgin ƙasa na tube su sauka Barking. Ba a buƙatar abinci, Inna ta ce ba za ta dafa ba.

Bayan an watse, Kawu zai gwada magajiyarta, mai jaka da zif, kuma da kansa zai sake juya hannun naɗi. Ya yi mini rangwame: idan wannan ta tsira a hannuna, maganar Faransa tana nan. Don haka na yi booking ɗin ƙanwata Asama'u, haihuwar London, wadda ko Baba ta kan amsa wa da Turanci, ta tsaya a bayan Kawu. Ni zan yi gaisuwar. Ita za ta yi tsawar.