Yadda Na Zama Tanki

Kowace Asabar da safe ni da 'yan unguwarmu mukan yi gudu daga Gangare zuwa kasuwar Katako mu dawo, kuma kullum ni ne na ƙarshe. Sai na ji a rediyo wai jiki ba ya sauri in babu ruwa. Na ce shi ke nan, na gano lagonsu.

Ranar da muka sa tsere, na ɗirka wa cikina fiya-wata leda biyar, na bi da kunun zaƙi don ƙarin ƙarfi. Na dubi Alhaji Rasaki, Bayarabe mai shagon taya da ya kusa haifata, na ce, "Oga, yau sai dai ka ga ƙeyata."

Da farko kam na yi gaba. Can cikina ya fara ƙara kamar jarka a bayan acaɓa. Muna isa Katako fitsari ya matse ni, na faɗa bayan tarin katako na tsuguna. Mai kayan ya leƙo ya ce, "Haba malam, na sayarwa ne fa!"

Alhaji Rasaki ya wuce yana ɗaga mini hannu.

Tun ranar sunana ya koma Tanki. Har yau in aka ɗauke ruwan famfo, sai Alhaji ya aiko a tambaya ko ina gida.