Kwalabe Ashirin da Huɗu a Firjin Mai Girma

Jama'a, ku taya ni murna, jiya na tsallake rijiya da baya!

Jiya ce ranar waliyyin da na ci sunansa, Spas, kuma kun san mu a Pazardzhik: ba a gayyata, kowa shigowa yake yi da ƙishirwarsa. Bara surukina Baba Tsvyatko ya kurɓi giyata mai ɗumi, ya ɗauki hularsa, ya ce in aka kuma, ƙafarsa da gidana har abada.

Saboda haka bana na nufi babban kantin sari, wanda ba a shiga sai da katin kamfani. Na ari na maƙwabcina Zhelyo, mai sayar da akwatin gawa.

"In sun tambaya," in ji shi, "ka ce kasuwa ta yi kyau, muna biki."

Na ɗauko kwalin nan na ƙananan masu dafa giya, kwalba ashirin da huɗu, kowacce da irin nata. Da mai zuma, da mai kabewa, har da mai barkono. Araha kamar an tsinta! Sai dai firjinmu, matata Nevena ta cika shi da cuku da nama.

A nan ne zan jinjina wa magajin garinmu, Mai Girma Uban Alkawura, Garkuwan Talakawa. Shekara uku bututun layinmu na fashe, ruwa mai sanyi ƙarara na kwarara dare da rana. Sau biyu ya zo da almakashi ya buɗe aikin gyara, ruwan na wanke masa takalmi. Wa ya taɓa ba mu firji kyauta in ba shi ba? Na jera kwalabena a cikin ruwan, na tafi aski ina fito.

Da na dawo, takardun jikin kwalaben sun saɓule kaf, suna can suna iyo zuwa bakin titi.

"Yanzu wacce ce mai barkonon?" in ji Nevena. "Baba ko yaji a miya ba ya so!"

"Ɗaya ce cikin ashirin da huɗu, uwargida. Ina zai same ta?"

Da Baba ya iso, ita ya ɗauka mana. Ya kurɓa, fuska ta yi jajir, hawaye shar. Ni kuwa har na fara neman inda ya ajiye hularsa.

Sai ya buga tebur. "Shekara arba'in ana ba ni ruwan wanki! Ɗana, yau ka zama mutum. Ƙaro mini irinta!"

Ɗana fa ya ce! Na kusa yin rawa. Sai na tuna kowane kwali guda ɗaya tak yake da ita. Zhelyo ya zura mini katin ta ƙarƙashin tebur, na fice a guje.

Ranka ya daɗe Mai Girma, na ji zaɓe ya matso, an ce za ka gyara bututun nan. Don Allah ka riƙe alkawarin yadda ka saba. Ina da kwalabe arba'in da shida da babu inda zan sa su.