Rasuwar Mai Gurnani, Injin Sace Kumburin Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa mai zugi, ni, babbar nas ta ɗakin masu jiran tiyata, nake sanar da rasuwar injinmu na zuƙo, wanda aka fi sani da Mai Gurnani. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana tsaka da aiki a gado na huɗu, yana da shekara goma sha tara.

Marigayin bai taɓa ƙyamar kowa ba. Duk wanda aka kawo ciki ya kumbura kamar ganga, numfashi na neman gagararsa, sai a zura masa roba ta hanci, Mai Gurnani ya zuƙe iska da ruwan da suka cushe, yana "gurrr, tuf-tuf", har bawan Allah ya sami barci. Abin da ya sha a ɗakin nan, ko maƙiyinka ba ka so ya gani.

Ya daɗe yana jinya. Shekara shida ba ya tashi sai an mare shi sau biyu ta hagu, an tokare shi da tsohon littafin magunguna. A nan muka cuci kanmu. Duk ranar da kwamitin duba kayan aiki zai zo, sai mu goge shi tas, mu mare shi tun kafin su shigo, don kada a ce ba ma kula da kaya. Su tarar da shi yana gurnani, su rubuta lafiyarsa ƙalau. Sau shida ƙwazonmu na hana mu sabon inji.

Ya rasu ya bar kwalba mai tsaga, roba biyu, nas huɗu, da wani tela da ke kwance a gado na huɗu, wanda cikinsa bai daina tashi ba, matarsa kuma na ta tambayata ko injin hutawa yake yi. Tun Talata da sirinji muke zuƙe masa, duk rabin awa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

An ɗage jana'iza, domin ba a ba da sabo sai kwamiti ya tabbatar da mutuwar, shi kuwa sai nan da mako uku zai zauna. Gawar tana bayan ƙofa. Don girman Allah kada kowa ya mari marigayin, kar ya farfaɗo a gabansu. Mai son yin ta'aziyya ya zo gado na huɗu, ya wanke hannu, ya karɓi sirinji.